Ceto Ne Ko Wawaso? Muhawara Kan Binciken Farko a Gaɓar Arewacin Tekun Fasifik

Tsakanin 1897 da 1902, Gidan Tarihin Halittu na Amurka da ke birnin New York ya tura masu bincike zuwa gaɓoɓi biyu na arewacin Tekun Fasifik, wato gaɓar British Columbia ta Kanada da jihar Washington a ɓangaren Amurka, da kuma arewa maso gabashin Siberiya, kwarin kogin Amur da tsibirin Sakhalin a ɓangaren Asiya. Attajirin da ya ɗauki nauyin tafiyar shi ne Morris Jesup, shugaban gidan tarihin, shi ya sa ake kiranta da sunansa, amma wanda ya tsara ta ya kuma ja ragamarta shi ne Franz Boas, Bajamushe ɗan asalin Yahudawa da aka haifa a 1858, wanda ya koma Amurka da zama har aka wayi gari ana ɗaukarsa uban antirofoloji a can, wato ilimin nazarin ɗan Adam ta fuskar jikinsa da harshensa da al'adunsa. Tambayar da aka sa a gaba ita ce ko al'ummomin da mashigin Bering ya raba tushensu ɗaya ne, da kuma ta wace hanya tatsuniyoyi da sana'o'i da kamannin jiki suka ƙetara daga wannan nahiya zuwa waccan. Cikakkiyar amsa ba ta taɓa fitowa ba, domin Boas bai rubuta juzu'in ƙarshe da zai tattara sakamakon ba, Jesup kuma ya rasu a 1908 yana jiran sa. Abin da tafiyar ta bari shi ne dubban kayan sassaƙa da tufafi da makamai, da hotuna, da muryoyin da aka naɗa, da littattafan da aka ci gaba da bugawa har 1930, sai kuma ƙasusuwan mutane cikin akwatuna.

A kan wannan gado ne masana da jikokin al'ummomin da aka yi binciken a kansu suka rabu gida biyu. Wasu na ganin aikin ceto ne, wanda ya tsamo ilimin da ke dab da nutsewa a lokacin da cuta da dokar gwamnati da mishan suka taru a kan mutanen. Wasu kuwa na ganin wawaso ne da aka yi wa gidan da gobara ta kama, aka kuma lulluɓe shi da rigar ilimi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya.

Masu goyon baya: lokaci ya ƙure

Hujjar farko ta masu kare aikin ita ce halin da Boas ya iske gaɓar a ciki lokacin da ya fara zuwa British Columbia a 1886. Annobar agana da ta ɓarke daga garin Victoria a 1862 ta bi gaɓar zuwa arewa tana share ƙauyuka, bayanta kuma tarin fuka da ƙyanda suka ci gaba da ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Al'ummar Haida, waɗanda dubbai ne kafin zuwan jiragen Turawa, ba su kai 600 ba a tsibiransu a 1915, suka bar yawancin garuruwansu suka taru a biyu, dogayen ginshiƙan katakon da suka sassaƙa tarihin zuri'a a jikinsu suna ruɓewa cikin ruwan sama. Kwakwaka'wakw, wato masu magana da harshen Kwak'wala, waɗanda tsofaffin littattafai ke kira Kwakiutl, sun ragu zuwa kimanin dubu ɗaya a shekarun 1920. A cikin al'ummar da ba ta ajiye iliminta a takarda, tsoho ɗaya in ya mutu ba tare da magaji ba yakan tafi da waƙoƙin gidansu da sunayen wuraren kamun kifinsu da labarin asalin zuri'arsu, kuma a wancan zamani makarantun kwana na mishan suna raba yara da harshen iyayensu tun kafin su kai shekarun karɓar wannan gado.

A irin wannan hali, in ji masu goyon baya, wanda ya zauna ya rubuta ya fi wanda ya tsaya kallo. Suna kuma nuni da yadda aka yi rubutun, domin Boas ya dage cewa a ɗauki labari da harshen mai shi, kalma bayan kalma, a jera fassara a ƙarƙashinsa, maimakon baƙo ya taƙaita abin da ya zaci ya fahimta. Da wannan ƙa'ida John Swanton ya shafe damina da hunturun 1900 zuwa 1901 a wurin Haida, yana rubuta abin da masu hikaya irin su Skaay da Ghandl ke faɗa, wani matashin Haida mai suna Henry Moody yana maimaita masa jimla bayan jimla. Abin da ya fito daga wannan zama a yau ana lissafa shi cikin manyan adabin baka na nahiyar Amurka. A Siberiya ma, Waldemar Bogoras da matarsa Sofia sun koma da kayan Chukchi da maƙwabtansu kimanin 5,000, tare da waƙoƙi da kirarin bokayen da ake kira shaman, waɗanda aka naɗa a kan kaki da garmahon farko. Waldemar Jochelson da matarsa Dina Brodsky sun yi hunturu a gidajen Koryak na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake shiga ta ramin hayaƙi a bi tsani a sauka, suna rubutu cikin hayaƙi da warin man kifi. Bayan shekara talatin tsarin gonakin haɗaka na Tarayyar Sobiyet da yaƙin da ta yi da bokaye suka sauya rayuwar waɗannan makiyayan barewar ƙanƙara, ta yadda babu wani cikakken bayani kan zamanin da ya gabata da ya kai na waɗannan mutane biyu.

Masu suka: abin da ke cikin akwatunan

Masu adawa ba sa musun annoba ko ƙuncin zamanin, sai dai suna cewa a buɗe akwatunan a ga abin da aka ceto da kuma yadda aka same shi. Tun a 1888 Boas da kansa yake tonon kaburbura a British Columbia, kuma ya rubuta a littafin ajiyar sirrinsa cewa aiki ne marar daɗi amma dole wani ya yi. Ya sayi ƙwarangwal da ƙoƙunan kai daga wasu Turawa 'yan'uwa biyu da suka mai da tonon kabari sana'a a yankin Cowichan, ya kuma sayar da abin da ya tara ga gidajen tarihi a Berlin da Chicago domin ya sami kuɗin ci gaba da bincike. A lokacin tafiyar Jesup, Harlan Smith ya haƙa tsofaffin matsugunai a bakin kogin Fraser, a ƙasar Musqueam, ya aika da ƙasusuwa New York. Su ma rayayyu ba su tsira ba, domin an auna kawunan ɗaruruwan mutane da ƙarfen awo, an kuma shafa wa wasu farar ƙasa a fuska, suna numfashi ta tsinke har ta bushe, don a sami zubin kamanninsu.

Akan ce wai a yi wa mutanen wancan zamani hukunci da ma'aunin zamaninsu. Masu suka suna amsawa da cewa ai mutanen Cowichan ma 'yan wancan zamani ne, kuma sun kai ƙara lokacin da suka gano an taɓa kaburburansu. Tonon da ake yi da dare, ko a bayan idon mutanen gari, shi kansa shaida ne cewa masu yin sa sun san ba a yarda ba. Kuma a shekarar da aka fara tafiyar Jesup ne Robert Peary ya kawo mutum shida 'yan Inuit daga Girinlan zuwa gidan tarihin na New York, bayan Boas ya nemi a kawo masa mutum ɗaya don nazari. Huɗu suka mutu da ciwon huhu, aka shirya jana'izar ƙarya don a rufe idon yaron nan Minik, ƙasusuwan mahaifinsa Qisuk kuwa suka shiga ma'ajiya, ba a mayar da su gida ba sai 1993. Girinlan ba ta cikin yankin Fasifik, amma gida ɗaya ne, masana ɗaya ne, shekara ɗaya ce.

Batun kayan da aka saya ya fi sarƙaƙiya, kuma misalin da masu suka suka fi kawowa shi ne ɗakin tsarki na Yuquot, a yammacin tsibirin Vancouver. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne ɓoye a tsibirin wani tafki, inda sarakunan Mowachaht masu farautar wel, wato dabbar teku mafi girma, suke zuwa wanka da addu'a kafin su fita teku. A cikinsa akwai mutum-mutumin katako 88, da siffofin wel 4, da ƙoƙunan kan mutane 16. A 1904 George Hunt, babban abokin aikin Boas, ya saye shi a kan dala 500 daga manyan mutane biyu da kowannensu ke iƙirarin nasa ne, da sharaɗin kada a kwashe shi sai mutanen gari sun tafi aikinsu. An yi ciniki, an biya kuɗi, amma cinikin da sai gari ya watse ake iya cika shi ba ya kama da yardar al'umma. Abin da ya ƙara wa masu suka ƙarfi shi ne cewa gidan tarihin bai taɓa kafa ɗakin gaba ɗaya don jama'a su gani ba, ya dai zauna a ma'ajiya, nesa da masu shi, kusan ba ya amfanar kowa.

Masu goyon baya: ba aikin baƙi kaɗai ba ne

Amsar masu kare aikin a nan ita ce hoton Bature mai kwasa da ɗan ƙasa mai kallo bai dace da abin da ya faru ba. George Hunt, wanda aka haifa a Fort Rupert a 1854, ɗan wani Baturen Ingila ne ma'aikacin kamfanin fatu na Hudson's Bay da wata mace 'yar sarautar Tlingit. Ya tashi cikin Kwakwaka'wakw, ya yi aure cikinsu, ya shiga ƙungiyoyin rawarsu na hunturu, ya kuma yi bukukuwa da sunansa. Boas ya koya masa rubuta Kwak'wala da haruffan boko, daga nan kuma Hunt, har rasuwarsa a 1933, yana aika shafuka dubbai ta gidan waya. Shi yake zaɓar wanda zai tambaya, shi yake sanin labarin wane gida ne, matansa Lucy da Francine kuma su ne tushen bayanan girki da sarrafa abinci, irin su yadda ake tsaga kifin samon a shanya da yadda ake tatsar man wani ƙaramin kifi mai maiƙo. An daɗe ana yi wa Boas dariya cewa ya cika wani littafinsa na 1921 da girke-girke fiye da ɗari, amma waɗannan shafuka ne suka adana kalmomin ɗakin girki da aikin mata, abin da masu binciken wancan zamani kan tsallake. A 1897 Boas ya aika wa sarakunan Fort Rupert wasiƙa yana kwatanta littafinsa da akwatin itacen sida da ake ajiye dukiyar gida a ciki, kuma akwai jikokin Hunt da suka karɓi wannan kwatance da gaske. Gloria Cranmer Webster, tattaɓa-kunnensa, wadda ta jagoranci kafa cibiyar al'adu ta U'mista a Alert Bay, ta yi amfani da waɗannan rubuce-rubuce wajen aikin raya harshe da bukukuwa.

Akwai kuma James Teit, ɗan tsibiran Shetland da ya zauna a Spences Bridge, ya auri Lucy Antko 'yar Nlaka'pamux, ya iya harsunan yankin. Bai tsaya ga rubuta wa Boas al'adu ba, ya zama tafinta da magatakardan sarakunan yankin a fafutukarsu ta neman haƙƙin ƙasa, yana raka ayarinsu zuwa Ottawa har ƙarshen rayuwarsa a 1922. Bogoras da Jochelson kuwa ba 'yan gaban goshin mulki ba ne, 'yan juyin juya hali ne da gwamnatin Sarkin Rasha ta kora Siberiya, a can cikin zaman talala suka koyi harsunan Chukchi da Yukaghir, kuma ko da suka dawo da takardun izini na tafiyar Jesup hukuma ta ba da umarni a asirce cewa a sa musu ido. Daga baya Bogoras ya taimaka wajen kafa cibiyar koyar da 'ya'yan al'ummomin arewa a Leningrad, ya kuma shirya littafin koyon karatu na farko da harshen Chukchi a 1932.

Sama da duka, masu goyon baya suna cewa daga wannan gaɓa ne Boas ya samo makamin da ya yaƙi aƙidar fifikon launin fata. A zamanin da manyan jami'o'i ke koyar da cewa al'ummomi suna kan tsani ne, farar fata a sama saura a ƙasa, shi ya ga mutanen da ba sa noma amma suna da sarauta da dokar gado da fasahar sassaƙa da nahawu mai zurfi, ya kuma nuna cewa jinsi da harshe da al'ada abubuwa uku ne da ba dole su tafi tare ba. Littafinsa na 1911 kan tunanin mutanen da ake kira na farko ya ginu a kan wannan, kuma 'yan Nazi sun ƙona littattafansa a 1933.

Masu suka: bargon da aka ɗaga

Masu adawa sun yarda cewa Hunt ya yi aiki, kuma a nan ne ma suke kafa ƙararsu, domin a ganinsu lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jimillar zaman Boas a gaɓar, cikin tafiye-tafiye goma sha biyu a tsawon shekara arba'in da 'yan kai, ba ta kai shekara biyu da rabi ba, kuma yawancinta gajerun ziyarce-ziyarce ne a garuruwan bakin teku da masana'antun gwangwanin kifi. Hunt ana biyansa ne bisa yawan shafukan da ya aiko, sunansa ya fito a bangon wasu littattafan, a wasu kuma ya koma ƙaramin rubutu a ƙarƙashin na Boas. Hunt ne kuma ya sha ɗaurin 'yan sanda da shari'a a Vancouver a 1900 saboda halartar rawar hamatsa, wadda ke kwaikwayon mutumin da aljanin cin naman mutane ya kama har a dawo da shi cikin hayyacinsa. An sallame shi, amma ya yi asarar dukiya. A shekarun 1920 ya aika wa Boas ɗaruruwan shafuka na gyaran kurakuran littafin da Boas ya buga a 1897, musamman kan wane gida ne ke da wace fuskar katako da wace rawa, gyaran da ba a buga ba a rayuwar ko ɗayansu. Ga al'ummar da waƙa da rawa da suna dukiya ce ta gado, kamar gona, kuskure irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suka mafi zurfi ta shafi irin hoton da aka zana wa mutanen. Akwai wani hoto da aka ɗauka a Fort Rupert a 1894, inda wata mata ke zaune tana murza zaren ɓawon itacen sida tana kuma girgiza shimfiɗar jariri. A bayanta Boas da Hunt suna tsaye, kowa ya kama gefen bargo sun ɗaga, domin su rufe shingen katako da gini irin na Turawa da ke bayan matar. Haka kuma wasu hotunan masu rawa da suka fito a littafin 1897 a bajekolin duniya na Chicago aka ɗauke su a 1893, inda aka kai ayarin Kwakwaka'wakw su zauna jama'a na kallonsu, sannan aka goge abin da ke bayansu don su yi kama da hotunan gida. Henry Tate, wanda ya rubuta wa Boas tatsuniyoyin Tsimshian da aka buga a 1916, Kirista ne da ya tsallake abin da yake ganin bai dace ba, kuma bincike na baya ya nuna cewa sau da yawa da Turanci yake fara rubutawa kafin ya mayar zuwa harshensa. Ma'ana, mutanen da ke aikin albashi a masana'antar kifi, suna sayen keken ɗinki, suna kai ƙorafin ƙasa gaban gwamnati, an nuna su kamar waɗanda lokaci ya tsaya musu. Masu suka na cewa wannan ya yi wa gwamnati daɗi, domin al'ummar da aka ce ta gaskiyarta ta riga ta wuce, ba a jin nauyin ƙwace ƙasar jikokinta.

Bikin fotlac, inda hujjojin suka cakuɗe

Babu inda ɓangarorin biyu suka fi cin karo kamar batun fotlac. Kalmar ta fito ne daga harshen kasuwanci na Chinook, ma'anarta bayarwa, kuma tana nufin babban taron da mai gida ke kira don naɗin suna, aure, makoki ko gadon sarauta, ya nuna raye-rayen gidansu, sannan ya raba wa baƙi barguna da sauran dukiya a matsayin ladan shaida. Wanda ya karɓa ya amince ke nan da abin da aka yi a gabansa, kuma shi ma ranar bikinsa na zuwa. Kanada ta haramta shi da dokar da ta fara aiki a 1885. Boas ya fito fili ya soki haramcin, ya rubuta a jarida a 1897 cewa fotlac tsari ne na bashi da biya da ajiya, kuma rushe shi zai talauta mutanen da suka zuba dukiyarsu a ciki. Masu goyon baya suna ɗaga wannan a matsayin shaidar cewa masanin ya tsaya wa mutanen da yake nazari.

Masu suka kuwa suna duba abin da ya biyo baya. A Disambar 1921 wani mai suna Dan Cranmer ya yi babban fotlac a tsibirin Village, jami'in gwamnati William Halliday ya gurfanar da mutum 45, kimanin 20 suka yi zaman kurkukun Oakalla, saura suka tsira da sharaɗin miƙa fuskokin katako da kayan rawarsu. Kayan nan ɗaruruwa suka ƙare a gidajen tarihi na Ottawa da Toronto, wasu kuma Halliday ya sayar wa attajirin New York George Heye. Babu hannun Boas a wannan, amma kasuwar da ta sa kayan suka zama abin nema, masu tara kaya irinsa ne suka gina ta. Rubutun ma bai tsaya inda aka ajiye shi ba: Marcel Mauss ya ɗauki fotlac ya gina nazarinsa kan kyauta a 1925, Ruth Benedict, ɗalibar Boas, ta siffanta Kwakiutl a 1934 a matsayin mutanen da girman kai da son kunyata abokin gasa suka yi wa katutu, sai a 1950 Helen Codere ta nuna cewa zafin gasar da aka gani ya samo asali ne bayan kafa Fort Rupert a 1849, lokacin da bargunan kanti suka yawaita, magada kuma suka ƙaranta saboda mutuwa. Abin da aka ɗauka halin asali ne ashe alamar girgizar da mutanen ke ciki ce.

Tace hujjojin

Idan aka baje hujjojin a faifai, za a ga cewa muhawarar ta daɗe ne saboda ana ɗaure abubuwa uku a dami ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Game da ƙasusuwa, masu goyon baya ba su da abin faɗa mai nauyi. An ɗauke su ba da izini ba, masu su sun nuna ƙin yarda tun a lokacin, kuma awon ƙoƙunan kai bai warware tambayar Bering ba. Ra'ayin da Boas da abokansa suka karkata gare shi, cewa Chukchi da Koryak da Yukaghir jikokin mutanen da suka komo Asiya daga Amurka ne, bai samu karɓuwa a wurin masanan baya ba. Gidan tarihin da kansa ya sanar a 2023 cewa zai janye gawarwakin mutane daga wuraren nuni, yana mai cewa yana riƙe da ragowar mutum kimanin 12,000 daga sassan duniya.

Game da rubuce-rubuce da muryoyin da aka naɗa, rinjaye yana wajen masu goyon baya, amma da sharaɗi. Ƙimarsu ta fi yawa daidai inda hannun 'yan ƙasa ya fi yawa, wato a shafukan Hunt da hikayoyin Skaay, kuma tana raguwa inda masanin ya ɗaga bargo. Akwai abin mamaki a nan wanda babu ɓangaren da ke son tsayawa a kansa: an yi aikin ne bisa zaton mutanen za su ƙare, zaton ya zama ƙarya, kuma ƙaryatuwarsa ce ta ba aikin amfaninsa mafi girma, domin waɗanda aka yi wa makoki tun suna raye su ne yanzu ke buɗe littattafan suna neman kalmomin kakanninsu, a lokacin da masu jin Kwak'wala sosai ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Sai dai bai kamata a ba takarda ladan da ba nata ba. Fotlac bai rayu a ɗakin karatu ba, iyalai ne suka ci gaba da yin sa a ɓoye a ƙauyukan da jami'i ba ya iya isa lokacin hadarin hunturu, har aka cire haramcin daga doka a 1951, Mungo Martin kuma ya yi na farko a bainar jama'a a Victoria a 1953.

Kayan da aka saya ne suka rage a tsakiya, kuma a nan hukunci ɗaya ba ya isa. Akwai abin da masassaƙi irin Charles Edenshaw na Haida ya yi musamman don sayarwa, ya karɓi kuɗinsa da yardarsa. Akwai abin da sabon Kirista ya rabu da shi saboda ya daina ganin amfaninsa. Akwai abin da yunwa ko tsoron kurkuku ya fitar daga gida. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya sayar alhali na zuri'a ne gaba ɗaya. Raba waɗannan sai an bi kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa wasiƙun Hunt ne kaɗai ke nuna daga wane gida abu ya fito, ta yadda takardun mai saye suka zama hujjar mai neman a mayar masa. Ko ilimin da aka adana ya isa ya biya abin da aka ɗauka, tambaya ce da jikokin Hunt da jikokin mutanen Yuquot ba lalle su ba ta amsa ɗaya ba, kuma su ne suka fi kowa haƙƙin amsawa.

Kayan fotlac na 1921 sun fara komawa gida a 1979 da 1980, zuwa cibiyoyi biyu a Cape Mudge da Alert Bay. Kalmar u'mista da aka raɗa wa ta biyun tana nufin dawowar wanda aka kama aka tafi da shi. Zauren gaɓar arewa maso yamma da Boas ya buɗe a New York a 1899 an sake tsara shi tare da masana 'yan asalin yankin, aka buɗe shi a 2022, kuma yawancin kayan suna nan a gidan tarihin. Ɗakin tsarki na Yuquot ya koma hannun Mowachaht a 2025, bayan shekara 120 a ma'ajiya.